Ranar da Aka Kawo Kaza Ajinmu

Shekarar da gero ya ƙone a tsaye tun bai fitar da kai ba, ina aji na huɗu a lakwal, wato makarantar boko, ta Matameye. Sojoji ke riƙe da ƙasa a lokacin. Babana ya yi shuka ta mutu, ya sake ita ma ta mutu, sai ya ɗaure ƴan kayansa ya koma Kano tun lokacin cin rani bai yi ba. Ya bar mu a gida, Inna da ni da ƙanena wanda ba a daɗe da yaye shi ba.

Abin da muke ci ba shi da daɗin faɗa. Dusa ce da ganyen tafasa, sai ƴaƴan anza da ake jiƙawa kwana da kwanaki don ɗacinsu ya fita, kuma ba ya fita duka. In an yi sa'a Inna ta kai bakin magazan, ma'ajiyar hatsin gwamnati, kafin a ce an rufe, sai mu samu jar dawar taimako, wadda tuwonta ke tsaya wa mutum a maƙogwaro. Bayan gari kuwa ba ya biyuwa saboda warin shanun da suka faɗi. Mu a nan malamin lakwal Mushe muke ce masa, yadda kunnenmu ya ji kalmar a bakin Faransawa, to a shekarar nan tsofaffi sun samu abin zolaya. In sun gan mu da safe sai su ce, “Wajen wane mushen za ku, na cikin gari ko na bayan gari?”

Mushenmu saurayi ne ɗan Damagaram, siriri, mai saurin tafiya kamar ana kiransa a wani wuri. A sauran azuzuwa malami zai karanta layi, yara su yi ta maimaitawa da ƙarfi har a buga ƙarfen tashi, wanda ya yi gyangyaɗi ya sha bulala. Shi kuwa tun farkon shekara ya gane ba za mu iya zama a benci muna rera abin da ba mu fahimta ba alhali cikinmu wayam. Sai ya sa muka tsinto ƙwallayen goriba da tsakuwa da tsingaro da tsofaffin gwangwanaye, ya mai da bayan aji kasuwa. Yashi shi ne gero, tsakuwa wake, tsingaro kifi busasshe. Mai saye sai ya yi ciniki da Faransanci. In kalma ta ƙwace masa ya faɗe ta da Hausa a hankali, Mushe ya miƙo masa ita da Faransanci, ciniki ya ci gaba. A kasuwar nan muka iya tarawa da ɗebewa ba mu san karatu muke ba.

Ranar darasin sanin ƙasa tsakar lakwal muke fita. Ya ɗauki kara ya zana hanya a ƙasa: nan Matameye, nan Kance, nan Damagaram, nan iyaka, can Katsina, can Kano. Wata rana ya ce kowa ya je ya tsaya inda babansa yake. Muka taru a Kano muna turereniya, wuri bai ishe mu ba, wani yaro kuma ya ruga har gindin katanga ya ce nasa yana Legas. Mun yi dariya har da hawaye. In rana ta take, ƙarfinmu ya ƙare, sai ya rufe littafi ya ce wani ya ba mu tatsuniya, gobe mu juya ta Faransanci. Wanda barci ya ɗauke ba ya tashinsa. Darakta, shugaban lakwal ɗin, ba ya son hayaniyar ajinmu ko kaɗan, amma da yake in an yi jarrabawa mu ke kan gaba, sai ya riƙa kau da kai.

Wadda muke zama benci ɗaya wata yarinya ce da suka taso daga wani ƙauye na wajen Kurni, ita da uwarta, wani Alhaji na unguwarmu ya ba su zaure suka sauka. Ta ɗan girme ni. Gashinta ya yi ja-ja irin na yaron da yunwa ta daɗe a jikinsa. Riga ɗaya gare ta, ranar hutu take wanke ta, ta zauna cikin zanen uwarta har ta bushe. Ba ta da yawan magana, amma Faransanci ya zauna a bakinta fiye da mu duka. In Mushe ya faɗi kalma sau ɗaya ta riƙe ke nan. Ita ke raɗa mini amsa, ni kuma in Inna ta ɗaure mini ɗan gumba a bakin ɗankwali mu raba.

Wata safiya bayan an ɗaga tuta, darakta ya sanar da mu cewa babban baƙo na zuwa daga Damagaram. Konseye ne, wato mai koya wa malamai yadda ake koyarwa. Bai daɗe da dawowa daga ƙasar Faransa ba, inda aka ce ya koyo sabuwar hanya ta raya aji. Za a tara malaman Kance da Tsauni da Kurni su gani da idonsu. Ajinmu aka zaɓa, don an ce mu ne masu baki.

Ana gobe za a yi taron ya iso cikin motar gwamnati. Gajere ne mai ƙiba, da tabarau, wuyansa na ninkewa a kan kwalar riga, turarensa ya riga shi shiga aji. Faransanci suke yi da Mushe, amma muna tsintar abin da ya samu. Ya tsaya a kan kasuwarmu, ya taɓa tsingaro da bakin takalmi.

“Wannan fa mene ne?”

“Kayan lissafi ne, ranka ya daɗe.”

“Bola ce. A kwashe ta. Yaro ba ya koyo da abin ƙarya, abokina. Abu na gaske ake kawo masa, ya gani, ya taɓa, ya shinshina. Gobe za ka gani.”

Mu da kanmu muka kwashe kasuwar muka zubar a bayan katanga. Daga nan ya jera mu yana duba faratanmu da rigunanmu kamar mai zaɓen awaki. Ƴaƴan ma'aikata da na ƴan kasuwa suka dawo gaba, sauran aka tura baya. Ni rigar da Baba ya kawo mini daga Kano da sallah ce ta cece ni, ko in ce ta jefa ni, domin ni ya zaɓa in zama uwar gida a wasan da za a yi, ɗan wani ma'aikacin duwan, wato kwastan, kuma ya zama mai gida. Ƙawata can ƙarshen aji ya nuna mata. Mushe ya ce ai ita ta fi kowa ƙoƙari. Konseye ya dube ta sama da ƙasa, ya ce to a bar ta a tsakiya, amma ta wajen bango. Bai gaya mana darasin me za a yi ba. Ya dai ce kowa ya yi wanka ya shafa mai a ƙafa.

Da na kai wa Inna saƙon sai ta yi wata ƴar dariya ta ce, “Man da ba mu samu na miya ba, shi za mu shafa wa ƙafa?”

Washegari aji ya cika. Malaman ƙauyuka sun jeru a jikin bango, kowa da littafin rubutu a cinya. Darakta na ta kai-komo yana share gumi. Can sai ga wani hafsan soja, wanda ke kula da rabon hatsi a garin, ya shigo da manyan takalmansa, aka ba shi kujerar darakta, ya ɗora hularsa a gwiwa. Muka miƙe muka gaishe shi. Sai kukun gidan baƙi ya shigo da kwando a rufe. Aka shimfiɗa farin ƙyalle a kan teburin Mushe, aka jera farantai da wuƙa da cokula masu yatsu. Konseye ya buɗe kwandon da kansa, yana fito da kaya ɗaya bayan ɗaya, a hankali, yana kallonmu. Dogon burodi. Gwangwanin sardin, ya buɗe shi a gabanmu. Lemun zaƙi. Shinkafa tana ƙyallin mai. Daga ƙarshe soyayyiyar kaza sukutum, da albasa a kanta, tana tururi.

Ban taɓa jin shiru irin wannan a aji ba. Ƙanshin ya bi benci-benci ya shiga hancin kowa. Ina jin yaron da ke bayana yana haɗiyar miyau. Konseye ya juya wajen malamai ya buɗe hannuwa.

“Kun gani? Ko kalma ɗaya ban faɗa ba tukuna, amma ku dubi idanunsu. Akwai mai barci? Akwai mai wasa?”

Malamai suka duƙa suna rubutawa.

Ya rubuta kan darasi a allo, abincin rana. Ya kira ni ya ɗaura mini farin ƙyalle a ƙugu, ya zaunar da ɗan duwan a kujera. Ya ce in ɗaga farantin kaza sama in ce, “Ga kaza.” Na ɗaga na faɗa da Faransanci, aji ya maimaita. Zafin farantin na ratsa tafin hannuna, romo na gangarowa gefe yana taɓa babban yatsana. “Kaza tana da daɗi.” Aji ya maimaita. Cikina ya yi wani ƙugi da na tabbata na benci na gaba sun ji. Ya sa ɗan duwan ya yanko cinya, ya soke ta da cokali mai yatsu, ya kai ta dab da baki.

“Tsaya nan! Kada ka ci, nunawa kawai za ka yi. Ka ce, ina cin kaza.”

Yaron ya faɗa, cinyar tana dab da leɓensa.

“To kowa ya tauna! Ku nuna mini yadda ake taunawa!”

Ina tsaye a gaba, saboda haka na ga abin da su ba su gani ba: aji guda na yara masu ƙasusuwan wuya a waje, suna motsa muƙamuƙi suna tauna iska, idanunsu a kan kaza. Daga nan ya ce kowa ya shafa ciki ya ce, “Na ƙoshi.” Suka shafa, suka faɗa. Hafsan soja ya ƙyalƙyale da dariya ya tafa, darakta ya taya shi. Na dubi Mushenmu a lungun ƙofa. Kansa na ƙasa, yana murza wani guntun alli har ya zama gari a hannunsa.

Sai aka zo kan burodi. Konseye ya ce yanzu za a yi aiki da hannu da hanci. Kowa zai karɓa, ya taɓa, ya shinshina, ya ce, “Wannan burodi ne, yana da ƙanshi,” ya miƙa wa na kusa da shi. Burodi ya fara yawo. Wasu in ya zo hannunsu sai su ƙi saki da wuri, shi kuma ya riƙa buga yatsu yana cewa a yi sauri. Har ya kai ga ƙawata. Ta miƙe tsaye, ta riƙe shi da hannu biyu, ta kai hanci. Ta faɗi jimlar daidai, ba ko tuntuɓe, ta fi duk waɗanda suka riga ta. Amma tana rufe baki sai miyau ya dalalo mata, ya sauka a kan burodin. Ta yi sauri ta kama bakin rigarta tana gogewa.

Da mutum ne mai kunya da ya yi kamar bai gani ba. Shi kuwa fuskarsa washewa ta yi. Ya karɓi burodin da yatsu biyu ta can ƙarshe, ya ɗaga shi nesa da jikinsa, ya juya wajen malamai.

“Madalla! Ga wata dama ta samu. Malami na ƙwarai ba ya barin dama ta wuce shi. Ku lura da yadda zan ciro sabon darasi daga cikin wannan.”

Ya kira ta gaba, ya tsayar da ita kusa da ni. Ya rubuta kalmomi biyu na Faransanci a allo. Ya ɗora hannu a kaina ya ce, “Wannan mai tsafta ce.” Ya nuna ta da tsinin rula, bai taɓa ta ba, ya ce, “Wannan ƙazama ce. Ku maimaita.”

Aji ya maimaita, murya ƙasa-ƙasa.

“Ban ji ba!”

Suka ɗaga murya. Kafaɗarta na gogar tawa. Ba ta yi kuka ba. Ta dai kafa ido a kan yatsun ƙafarta. Shi kuma ya je bakin taga ya wurga burodin waje, ya ciro hankici yana goge yatsu. Ashe labarin abinci ya riga ya kai unguwa, akwai masu laɓe a gindin tagar. Muka ji gudu da kokawa da ihun wata mata.

A nan ne Mushe ya yi magana. Da Hausa ya yi ta, abin da ba a taɓa ji daga bakin malami a gaban darakta ba.

“Ranka ya daɗe, yaran nan yawancinsu ba su sa komai a bakinsu ba tun jiya.”

A wancan zamani kowa auna maganarsa yake, ko a bakin rijiya, balle a gaban mai kaki. Ka ce yara ba su ci ba, kamar ka ce rabon hatsi ba ya tafiya daidai ne, ga kuma mai rabon a zaune. Hafsan ya daina murmushi. Ya karkata wajen darakta ya tambaye shi wane ne wannan. Konseye kuwa ko a jikinsa. Da Faransanci ya amsa, yana murmushi.

“Nan lakwal ce, abokina, ba gidan abinci ba. Zauna.”

Mushe bai zauna ba. Ya tako ya kama hannun ƙawata ya mai da ita wurinta, ya tsaya a gefenta har aka gama. An yi darasin lemo, an yi na sardin, an sa mun lissafa cokula. Daga ƙarshe malamai suka tafa.

Aka sallame mu, amma ba wanda ya tafi gida. An shimfiɗa tabarmi a gindin dogon yaro, kuku ya ƙaro wasu kwanuka, baƙi suka zauna cin abinci, har da kazar da na ɗaga. Yara suka tsaya nesa-nesa suna kallo, sai da darakta ya sa mai gadi ya kore su da sanda. Wani dattijon malami daga Tsauni kaɗai na ga ya ce azumi yake, ya hau kekensa ya tafi. Mushenmu ban san inda ya shiga ba. Mu ƴan matan benci na gaba aka tsayar mu wanke kwanuka. Ina durƙushe kusa da su na ji konseye, bakinsa cike, yana cewa, “Asirin ke nan gaba ɗaya, a jawo hankalin yaro.” Ƙwayar shinkafa na maƙale a gemunsa tana sama tana ƙasa.

Da farantan suka zo hannunmu sai zuciyata ta tashi. Sun bar shinkafa da yawa, amma wani ya murje guntun sigari a cikinta, wani ya tauna ƙashi ya tofar a kai, wani kuma a kan ragowar ya wanke hannu. Kuku ya haɗe duka a bokiti ya ce na kajin darakta ne. Wata daga cikinmu ta faki idonsa ta sa hannu a bokitin ta kai baki. Ban ga laifinta ba, amma sai da na juya baya na yi ta kakarin amai, ba abin da ke fitowa.

Ina shiga gida ƙanena ya rugo ya rungume ƙafata kamar kullum. Sai ya kama hannuna ya kai hanci, ya shiga lasar yatsuna. Ruwan wanke-wanke bai fitar da man sardin ba. Da ya ga ba komai a hannun sai ya fashe da kuka. Inna ta fito daga ɗaki, ita ma ta ji ƙanshin.

“Ke, me kika ci?”

“Ban ci komai ba, Inna.”

“Ga ƙarni a hannunki kina ce mini ba ki ci ba? Kin samu nama ba ki tuna da ƙanenki ba?”

Sai a lokacin kuka ya zo mini. Na ba ta labari tun daga kwando har bokiti. Ta saurara ba ta katse ni ba. Da na kai wajen da aka sa mu shafa ciki mu ce mun ƙoshi, sai ta juya gefe ta tofar da yawu ta ce, “Tir. Wannan ko arne ya ga yaro da yunwa ai ya ɓoye tuwonsa.” Ta ɗebo toka a murhu ta cuɗa mini hannu da ita har fatar ta yi zafi, don yaron ya samu ya yi shiru.

Washegari ƙawata ba ta zo ba, Mushe ma bai zo ba. Daga baya muka ji an kira shi ofishin kumandan, sojan da ke mulkin garin, aka zaunar da shi a benci cikin rana tun safe har la'asar, ba wanda ya ce masa uffan, sannan wani soja ya fito ya ce ya tafi, ya riƙa kula da harshensa. Kwana ɗaya bayan haka ya dawo aji leɓensa a tsattsage. Da aka tashi ya ce in raka shi zauren su ƙawata.

Uwarta ce ta fito, ta durƙusa ta gaishe shi. Ya roƙe ta ta bar yarinyar ta dawo, ya ce a ajin nan babu kamarta.

“Mushe, mun gode, Allah ya saka da alheri. Ba ni na hana ta ba. Ta ce ko yanka ta za a yi ba za ta koma ba. Jiya na aike ta rijiya, yara suka bi ta suna kiran wata kalma ta Nasara. Ni ban san ma'anarta ba, amma ta dawo ta kwanta, har yanzu ba ta tashi ba.”

Na leƙa ta bayan tabarmar da suka kare zauren da ita, na kira ta. Tana kwance ta juya wa ƙofa baya. Ba a jima ba suka hau wata babbar mota suka yi kudu, an ce sun ji labarin babanta a wajen Daura. Ban sake ganinta ba.

Mushe ya sa muka sake tsinto tsakuwa da tsingaro, kasuwa ta dawo bayan aji. Wata rana kuma ya zo da ɗan gero a ƙulle da tsamiya, ya aro tukunya, ya ce yau darasin abinci za mu yi irin namu. Muka hura wuta a tsakar lakwal, muka auna ruwa da gwangwani, kowane aiki aka yi sai mu faɗi sunansa da Faransanci: surfe, niƙa, tacewa, damawa. Kowa ya samu ludayin kunu. Kalmomin ranar nan har yau ba wadda ta ɓace mini. Da ya sake yi karo na biyu darakta ya zo ya tsaya a kan tukunya ya ce a kashe wutar, wai masu wucewa za su ce lakwal na nuna wa duniya akwai yunwa a gari. Ana haka kuma umarni ya zo daga sama cewa kowane malami ya riƙa koyarwa da abu na gaske, kamar yadda aka gwada a Matameye aka ga amfaninsa. Ba a aiko wa kowa da ko ƙwayar lemo ba. Malamin ajin da ke kusa da namu sai ya zana kaza a allo, muna jiyo yaransa ta bango suna cewa sun ƙoshi. Ƙarshen shekara aka ɗauke Mushenmu aka jefa shi wani ƙauye can gabas mai nisa. Ba a faɗi dalili ba, kowa kuma ya sani.

Ni ma aikin koyarwa na yi har na yi furfura. Na yi kasuwa a bayan aji, na zana garuruwa a ƙasa da kara, na kawo abubuwa iri-iri don yara su gani su taɓa. Amma duk abin da zan shigar aji, sai na fara tunanin yaron da ya fi kowa rashi a cikinsu, yadda abin zai zame masa.

Bayan shekaru masu yawa aka kira mu taron ƙara wa juna sani a Damagaram, kan yadda malami zai sa aji ya yi armashi. Aka ce an gayyato wani dattijo da ya daɗe a harkar ya yi mana nasiha. Ana shigo da shi na gane shi, duk da ya rame, yana dogara sanda, ya kuma zama Alhaji. Ya yi magana mai tsawo, daga ƙarshe ya ce bari ya ba mu misali da darasin da ya fi alfahari da shi a duk aikinsa. Ya ce a wani gari na kudu ne, a shekarun fari. Ya ba da labarin kwando da farin ƙyalle da kaza, ya ce tun da yake bai taɓa ganin yara sun ba da hankali irin na ranar ba, ko ƙiftawa ba sa yi. Burodin da ya wurga ta taga bai ambata ba. Matasan malamai na ta rubutawa.

Da aka ba da damar tambaya na ɗaga hannu.

“Alhaji, ranka ya daɗe, da aka gama darasin, wa ya ci kazar?”

Ya sa hannu a bayan kunne, aka maimaita masa. Sai ya yi dariya har da tari.

“Mu muka ci mana, Hajiya! Da sai a bar ta ta lalace?”

Ɗaki ya ɗauki dariya. Mai gabatarwa ya gode masa, ya ce a sake tafa wa baba, sannan ya sanar cewa an shirya abinci a ɗakin da ke gefe. Mutane suka miƙe suna ture kujeru. Na ɗauki jakata na fita ta ɗayar ƙofar, na nufi tasha neman motar gida.